Gertrude Ederle, 'yar mahaucin da ta ƙetare teku da iyo: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda aka yi maganar matan da suka fara shiga gasar iyo a duniya sunan Gertrude Ederle sai ya fito, amma yawancin mutane abu ɗaya kawai suka sani a kanta, wato ita ce mace ta farko da ta ƙetare teku da iyo daga Faransa zuwa Ingila a 1926. Shikenan. Alhali matar nan ta rayu shekara 98 kuma ranar da ake ta magana a kai kwana ɗaya ce tal a ciki. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta da amsoshinsu.

Wai wacece ita, kuma 'yar ina ce?

Ba'amurkiya ce, an haife ta ranar 23 ga Oktoba 1905 a Manhattan cikin birnin New York. Iyayenta Jamusawa ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, babanta Henry Ederle mahauci ne yana da shagon nama a titin Amsterdam, ita ce ta uku a cikin 'ya'ya shida. A gida Trudy ake ce mata, kuma da sunan jaridu suka riƙa kiranta daga baya. Ba gidan masu kuɗi ba ne na a zo a gani amma dai ba su rasa ba, tunda har suna da ɗan gida a bakin ruwa a garin Highlands na jihar New Jersey inda suke zuwa lokacin zafi.

Ya akayi ta koyi iyo a zamanin da mata basa shiga ruwa?

Tana 'yar shekara takwas sun je Jamus wajen kakarta sai ta faɗa wani tafki, da ƙyar aka ciro ta. Bayan sun dawo babanta ya ɗaura mata igiya a ƙugu a can Highlands ya riƙe ɗaya bakin yana sakinta cikin ruwa tana fafutuka har ta iya. Haka ta fara, ba malami ba komai.

Sannan akwai abin da ya kamata a sani game da Jamusawan New York na lokacin. A watan Yuni 1904, shekara ɗaya da 'yan watanni kafin a haife ta, wani jirgin ruwa mai suna General Slocum ya kama da wuta a kogin da ke gabashin birnin ɗauke da mutanen wata majami'ar Jamusawa da suka fita shaƙatawa, mutum sama da 1,000 suka mutu kuma galibinsu mata ne da yara, gaɓar ruwa tana kusa ana hangenta amma basu iya iyo ba ga kaya masu nauyi a jiki. Duk wanda yake bin labarin kifewar kwale-kwale a Kebbi da Neja da Sakkwato ya san irin wannan lissafin, in an zo ƙirga gawa mata da ƙananan yara ne suke fin yawa. Don haka ni ban ɗauki koyon iyo ga mace a matsayin wasa ko gayu ba, maganar rai ce.

Da gaske ne kurma ce?

Ba a haife ta kurma ba. Ƙyanda ta yi tana ƙarama, ciwon ya taɓa mata kunne, likitoci suka gargaɗe ta cewa in ta cigaba da shiga ruwa abin zai ƙaru. Bata daina ba. Jin nata ya dinga raguwa a hankali, ƙetaren da tayi a 1926 ya ƙara lalata shi sosai, zuwa shekarun 1940 kusan bata jin komai sai da na'urar ji. Wannan ya shafi halinta ma, mutum ce mai kunya da gudun taro, a cikin jama'a bata sakewa don rabin abin da ake faɗa baya isa gare ta, amma a cikin ruwa ba mai buƙatar ta ji shi.

Wa ya mayar da ita 'yar gasa?

Yayarta Margaret, wadda ake kira Meg, ita ta ja ta zuwa ƙungiyar ninƙaya ta mata ta New York da aka fi sani da WSA. Wata mata Charlotte Epstein ce ta kafa ƙungiyar a 1917, ma'aikaciyar kotu ce mai ɗaukar bayanan shari'a, kuma gaskiya in ana maganar iyon mata a Amurka ya kamata a fara da sunanta kafin na kowa, don ita ta yi ta fama da shugabannin wasanni maza har suka yarda a yi wa mata rajista a gasa. Ita ce kuma daga baya ta ƙi zuwa gasar Olamfik ta Berlin a 1936 saboda abin da 'yan Nazi suke yi wa Yahudawa.

Mai horar da su Louis Handley ne, wanda shi kansa ya ci zinare a Olamfik ta 1904, kuma kyauta yake koyar da 'yan matan. Abin da ya koya musu shi ne salon da ake cewa kirol, wato kana kwance rub da ciki hannu ɗaya na fita daga ruwa yana shiga ɗaya na biye da shi, ƙafafu suna bugawa da sauri ba tsayawa, kana juya kai gefe kana shaƙar iska. Handley ya yi ta gyara yawan bugun ƙafa a kowane zagayen hannu har ya kai shida, ya kai takwas. Ku riƙe wannan maganar ta salo don ita ce sirrin duk abin da ya biyo baya. Trudy ta shiga tana da shekara goma sha biyu ko sha uku, bata daɗe ba ta bar makaranta ta maida hankali kan ruwa gaba ɗaya.

Kafin ita babu matan da suke gasar iyo ne?

Akwai mana. Annette Kellermann 'yar Ostireliya ta gwada ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa tun 1905 bata samu ba. A Olamfik ta 1912 a Stockholm aka fara barin mata su yi gasar iyo, Fanny Durack ita ma 'yar Ostireliya ta ci zinare a mita 100, ƙawarta Mina Wylie ta zo ta biyu. Amurka bata tura mace ko ɗaya ba a waccan shekarar don shugaban wasanninsu James Sullivan baya so. Sai a 1920 a Antwerp, inda Ethelda Bleibtrey 'yar wannan ƙungiya ta WSA ta kwashe zinare uku. Ita Bleibtrey ɗin a 1919 har kama ta akayi a bakin teku a New York don ta cire doguwar safa kafin ta shiga ruwa. To a irin wannan yanayin Trudy ta taso, hanya an fara share ta amma da sauran ƙaya.

Yaushe sunanta ya fara fitowa?

A watan Agusta 1922, a wata gasar nisa ta mil uku da rabi a bakin tekun New York. Mata sama da 50 suka shiga, cikinsu har da Helen Wainwright gwanar Amurka da Hilda James gwanar Ingila, ita kuwa Trudy ba wanda ya sa ta a lissafi don gajeren zango aka san ta da shi, sai gashi ta riga kowa fitowa. Daga 1921 zuwa 1925 ta kafa tarihi har 29 na ƙasa da na duniya, daga gajeren tsere har zuwa rabin mil.

Me ta samu a Olamfik?

Ta je ta Paris a 1924. Ta ci zinare ɗaya a iyon karɓa-karɓa na mutum huɗu, mita 100 kowacce, ita da Euphrasia Donnelly da Ethel Lackie da Mariechen Wehselau, suka gama a minti 4 da daƙiƙa 58.8 wanda sabon tarihin duniya ne a lokacin. Sai tagulla biyu, a mita 100 da mita 400.

Wani zai ce ai ta yi ƙoƙari, lambobi uku, amma ita baƙin ciki ta dawo da shi don zinare uku kowa ya sa mata rai. Akwai ciwon gwiwa da take fama da shi, sannan jami'an tawagar sun kai 'yan matan masauki can bayan gari wai don a nisanta su da shagalin Paris, kullum sai sun ɓata awanni a hanya kafin su isa wurin atisaye. Har ta tsufa tana cewa wannan gasar na cikin abin da ya fi ɓata mata rai a rayuwa.

Wane irin ruwa ne wannan da ta ƙetare, me ya sa ake zuzuta shi haka?

Mashigin teku ne tsakanin Ingila da Faransa. A inda ya fi matsewa, tsakanin garin Dover na Ingila da wani tsinin ƙasa a Faransa da ake kira Cap Gris-Nez, faɗinsa mil 21 ne, kusan kilomita 34. In nisa ne kawai da ba a yi ta surutu ba, Trudy ai ta riga ta yi makamancinsa a watan Yuni 1925 daga ƙasan Manhattan zuwa Sandy Hook a jihar New Jersey cikin awa 7 da minti 11, tarihin da ya tsaya shekara 81 ba a karya ba.

Matsalar mashigin uku ce ko huɗu. Sanyi na farko, ko a watan Agusta ruwan baya wuce digiri 16 zuwa 18, kuma awa goma sha a cikin irin wannan ruwan yana zuƙe zafin jiki har mutum ya fara sambatu bai sani ba. Na biyu ruwan baya tsaye, kusan duk bayan awa shida yake juyawa, ya ja ka gefe ɗaya sannan ya dawo da kai ɗaya gefen, shi yasa ba mai ƙetarewa a miƙe sai dai a karkace, kuma in lissafin lokacinka ya kuskure kana iya hango gaɓa da idonka ruwa ya kwashe ka ya yi baya da kai. Ga ruwan gishiri da yake kumbura harshe da maƙogwaro, ga wasu halittun ruwa masu santsi da suke harbi, ga manyan jiragen ruwa suna kai da kawo. Doka kuma ita ce ba za ka taɓa jirgin rakiya ba, ba wanda zai taɓa ka, ko abinci sai dai a miƙo ma da sanda ko igiya.

Kafin 1926 mutum biyar kaɗai suka taɓa yi kuma duk maza. Kyaftin Matthew Webb a 1875 cikin awa 21 da minti 45, sai da aka shekara 36 kafin Thomas Burgess ya yi a 1911, sai uku a 1923, Henry Sullivan da Enrique Tiraboschi da Charles Toth. Wanda ya fi sauri a cikinsu Tiraboschi ne, awa 16 da minti 33.

Ance ta taɓa gwadawa ta kasa?

Eh, ranar 18 ga Agusta 1925. WSA ce ta ɗauki nauyin tafiyar, da farko ma ita da Helen Wainwright za su je sai Helen ta ji ciwo ta fasa. Aka haɗa ta da wani mai horarwa Jabez Wolffe, mutumin da shi kansa ya gwada ƙetarewa sau 22 bai taɓa yi ba, kuma tun farko jininsu bai haɗu ba, shi yana ganin saurin da take yi ba zai kai ta ba yana ta matsa mata ta rage. Bayan ta yi kusan awa tara a ruwa sai ya ga ta tsaya, ya ce nutsewa take, ya umarci wani ɗan Masar mai suna Ishak Helmy da yake iyo kusa da ita ya riƙo ta. Da ya taɓa ta magana ta ƙare, doka ta fitar da ita. Ita kuma ta rantse hutawa kawai take yi. An yi ta jita-jitar wai an sa mata wani abu a abin sha amma ba hujja a kan wannan, kuma bai kamata a riƙa yaɗa shi kamar tabbas ba.

To ranar da ta yi nasara fa, ya abin ya kasance?

Ta canza kusan komai. Ta sallami Wolffe ta ɗauki Burgess, wanda shi ya san ruwan nan ciki da bai tunda sai da ya faɗi sau goma sha kafin ya ƙetare. Kuɗin tafiya jaridun New York Daily News da Chicago Tribune suka bayar da sharaɗin su za su fara samun labari, karɓar kuɗin nan kuwa yana nufin ta yi bankwana da Olamfik har abada don a lokacin wanda aka biya baya shiga. Sannan ta kafa sharaɗi da babanta da yayarta cewa ba wanda zai taɓa ta sai in ita da bakinta ta ce a ciro ta.

Kayan iyon mata na zamanin masu nauyi ne, suna shan ruwa suna goge fata har jini, sai ita da Meg suka yanka nasu gida biyu, sama daban ƙasa daban, mara nauyi. Idonta kuma tabarau irin na masu babur ta sa aka toshe gefensa da kakin kyandir don kar gishiri ya shiga. Aka shafe mata jiki da man zaitun da maiƙon gashin tunkiya da basilin, kauri-kauri, saboda sanyi da gogayya.

Ranar 6 ga Agusta 1926 da ƙarfe 7 da 'yan mintuna na safe ta shiga ruwa a Cap Gris-Nez. Jirgin rakiyarta Alsace yana gefe ɗauke da babanta da Meg da Burgess da 'yar jarida Julia Harpman, wani jirgin kuma cike da 'yan jaridan da ba a basu kwangila ba suna ta matsowa. Da safe ruwan da sauƙi, ana rera mata waƙa daga jirgi tana daidaita hannunta da kiɗan, ana rubuta mata saƙo a allo ana ɗagawa tunda ba sosai take ji ba, ana miƙo mata romon kaza da cakulan da sukari. Da rana ta yi sai iska ta taso, zuwa yamma teku ya haukace har mutanen cikin jirgi suna amai, Burgess da ya san abin da yake gani ya ce a haƙura a fito da ita, babanta ya ƙi, ya ce alkawari suka yi. A wajen awa na goma sha biyu wani daga jirgin ya ƙwala mata kira ta fito, ta ɗago kai ta ce "saboda me?" ta cigaba da abinta. Wannan amsar tata ce jaridu suka yi ta bugawa washegari.

Saboda juyin ruwa da iska Burgess ya sake mata hanya ta yi arewa, maimakon Dover sai ta fita a wani ƙauye Kingsdown a yankin Kent da dare, mutane sun kunna wuta a bakin gaɓa da fitilun motoci suna haska mata. Awa 14 da rabi da 'yan mintuna. An ƙiyasta abin da ta yi a zahiri ya kai mil 35, kusan kilomita 56, wato kamar daga Kano ka wuce Wudil ka ƙara gaba, duk da hannu da ƙafa a cikin ruwan sanyi. Shekararta 20. Kuma ta fi namijin da ya fi kowa sauri da kusan awa biyu cur.

Babanta ya yi mata alkawarin jar mota in ta ƙetare, kuma ta samu motar.

Ya akayi ta fi mazan sauri haka, ƙarfi ta fi su?

A'a, salo ne da horo. Mazan da suka riga ta yawanci iyon kwaɗo suke yi ko na gefe, a hankali a hankali, don kowa ya yarda cewa kirol na gajeren tsere ne, mutum ba zai iya riƙe shi awa da awanni ba zai ƙone. Ita ce ta fara ƙetarewa da kirol tun daga farko har ƙarshe. Kuma a wannan mashigin sauri ba ado ba ne, duk awan da ka rage ka rage sanyin da zai shige ka, ka kuma rage yawan juyin ruwan da zai same ka a tsakiya. Shekarun da tayi a ƙaramin wurin wankan WSA tana maimaita bugun ƙafa ɗaya a gaban Handley su suka ƙetare da ita, shi yasa raina baya so in ji ana ba da labarin kamar wata yarinya ce mai taurin kai da sa'a ta faɗo mata. Taurin kan akwai shi, amma 'yan kwanaki kafin ita wata Ba'amurkiya Clarabelle Barrett ta yi sama da awa 21 a ruwan nan da taurin kan da ba a magana, bata kai ba. Bayan Trudy kusan duk masu dogon iyo kirol suka koma.

Ba a yi mata ƙorafi ba?

An yi. Wasu a Ingila da Faransa suka ce ai jiragen nan biyu da suka sa ta a tsakiya sun kare ta daga iska da igiyar ruwa don haka ba a yi adalci ba. Waɗanda suka shaida abin da idonsu suka musanta, kuma maganar bata yi nisa ba. A 1927 ne ma akayi ainihin abin kunya, wata likita Dorothy Logan ta ce ta ƙetare cikin awa 13 da minti 10 daga baya ta amsa cewa a jirgi tayi yawancin tafiyar. A wannan shekarar aka kafa ƙungiyar da take sa ido tana tantance duk wanda ya ce ya ƙetare, har yau tana nan.

Wace irin tarba aka yi mata a gida?

Ranar 27 ga Agusta 1926 New York ta fito mata, an ƙiyasta mutum miliyan biyu a kan titi, ana ta yayyafa mata yankakkun takardu daga saman benaye, magajin gari Jimmy Walker ya karɓe ta, shugaban ƙasa Calvin Coolidge ya gayyace ta fadarsa. Sarauniyar igiyar ruwa jaridu suka sa mata. Shekara shida kenan kacal da ba matan Amurka damar jefa ƙuri'a, don haka mata da yawa sun ɗauki abin nasu ne, 'yan mata suka dinga tururuwa zuwa koyon iyo.

To ta yi arziki kenan?

Ko kusa. Tana cikin wannan tarbar, a ƙarshen watan Agustan, wata mata Mille Gade Corson haifaffiyar Denmark mai 'ya'ya biyu ita ma ta ƙetare, duk da ta fi Trudy daɗewa da kusan awa guda. Kwana biyu bayan nan wani Bajamushe mai gashin burodi Ernst Vierkötter ya yi a awa 12 da minti 40 ya karɓe tarihin sauri. Nan da nan masu tayin kuɗi suka fara ja da baya, lauyan da yake kula da harkarta Dudley Field Malone kuma ya tsaya jan ciniki har kasuwar ta faɗi.

Abin da ya rage mata shi ne yawon gidajen wasa gari-gari da wani ƙaton tankin ruwa tana iyo a ciki mutane suna kallo, ta fito a fim ɗaya a 1927, kuɗin da ake samu kuma kafin a cire na tanki da na ma'aikata da na wakilai abin da yake isa hannunta kaɗan ne. Yarinya mai kunya wadda bata ji sosai, an sa ta gaban dubban mutane kullum, ba hutu, wajen 1928 jikinta da hankalinta suka gaza ta kwanta. Wannan ɓangaren yana taɓa ni ƙwarai, don mutanen da suka cika titi suna ihu ba su suka zauna da ita a lokacin ba.

Ina ta shiga bayan nan?

A 1933 ta zame a matakalar benen gidan da take haya ta ji mummunan ciwo a ƙashin baya, ta yi shekaru a cikin filasta da ciwo, har ana cewa da wuya ta sake tafiya daidai balle iyo. A 1939 sai gata a bikin baje kolin duniya na New York tana iyo a wasan ruwan da Billy Rose ya shirya, dubban mutane suna tafa mata. Lokacin yaƙin duniya na biyu ta yi aiki a filin jirgin sama na LaGuardia tana duba na'urorin jirage.

Sai aikin da ni a ganina ya fi dacewa a tuna ta da shi bayan ƙetaren, wato koyar da yara kurame iyo a makarantar kurame ta Lexington a New York, shekara da shekaru. Bata iya maganar hannu sosai ba, a cikin ruwa take nuna musu da jikinta su kwaikwaya, kuma ta ce yaran suna yarda da ita ne don suna ganin ta a matsayin tasu. Ku duba fa, yaro kurma in yana nutsewa baya jin mai ƙwala masa kira daga gaɓa, baya jin usur, iyayensa ma tsoron barinsa kusa da ruwa suke, ga wadda ta ƙetare teku ta shigo ruwa tana riƙe da shi. Ba kyamara, ba jarida, kuma ta fi daɗewa a wannan aikin nesa ba kusa ba akan shekarun da tayi tana gasa.

Ta yi aure?

Bata yi ba. Ta taɓa ba da labarin wani da suka yi alkawari, ta ce masa zama da mace mai matsalar ji fa zai yi wuya, tana tsammanin zai ce ba komai, sai ya ce haka ne, ya tafi. Ta zauna shekaru masu yawa a unguwar Flushing a Queens tare da ƙawayenta.

Yaushe ta rasu?

Ranar 30 ga Nuwamba 2003 a wani gidan kula da tsofaffi a Wyckoff, New Jersey, tana da shekara 98. An binne ta a maƙabartar Woodlawn a Bronx. Tun 1965 aka sa sunanta a zauren gwanayen iyo na duniya, kuma akwai cibiyar wasanni mai wurin iyo a Manhattan, kusa da unguwar da ta taso, da take ɗauke da sunanta. A 2024 an yi fim a kan rayuwarta, sai dai kamar kowane fim an ƙara gishiri an haɗe wasu abubuwan, kar a ɗauke shi littafin tarihi.

Akwai 'yan Afirka a wannan harkar?

Akwai, Misirawa musamman. Shi Ishak Helmy da aka sa ya riƙo ta a 1925 bai zama abokin gaba ba, sun cigaba da mutunci, kuma shi ma ya ƙetare a 1928 bayan ya sha faɗuwa. A 1950 da jaridar Daily Mail ta shirya tseren ƙetare mashigin Hassan Abdel Rehim ɗan Masar ne ya zo na ɗaya cikin awa 10 da minti 50, shekarar da ta biyo ma wani ɗan Masar ɗin ne ya ci. A 1974 kuma wata yarinya 'yar Masar Abla Khairy ta ƙetare tana da shekara 13.

Har yaushe tarihinta ya tsaya, kuma ina mata suka kai yanzu?

A ɓangaren mata ya tsaya shekara 24, sai a 1950 Florence Chadwick 'yar California ta yi a awa 13 da minti 20 da ɗoriya, shekara ɗaya bayan nan kuma ta sake yi daga Ingila zuwa Faransa, wanda ya fi wuya saboda yanayin ruwan, ta zama mace ta farko da ta yi ta kowane ɓangare. 'Yar Ingila ta farko Mercedes Gleitze ce a 1927, mai aikin buga tafireta a Landan, a gwajinta na takwas.

Yanzu kuwa in ana maganar yawan ƙetarewa mata ne a gaba. Alison Streeter ta Ingila ta yi sau 43, Chloë McCardel ta Ostireliya ta wuce ta da 44 a 2021, ba namijin da ya kai su. A 2019 kuma Sarah Thomas Ba'amurkiya, shekara ɗaya bayan ta gama jinyar kansar nono, ta ƙetare sau huɗu a jere ba tare da ta tsaya hutu ba, zuwa da dawowa sau biyu, cikin awa 54 da 'yan mintuna.